Ƙofar Bayan Ɗakin Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce min, in kuma na ɓata mata rai ta ce "waccan". To wadda ba ta iya kiran sunan 'yar da ta haifa, ku ƙiyasta yadda za ta yi da mijin 'yar. Shekara da shekaru da aurenmu, ba na jin sun taɓa haɗa ido. In mun je gaishe ta a ƙauyenmu da ke bayan Bilbis, daga zaure yake durƙusawa ya gai da katanga, ƙanwar Inna ta amsa masa daga ciki a madadinta.

Da zaman ƙauyen ya gagara saboda ɓarayin daji, har mutane suka koma wuni a gida suna kwana a gona, sai na tada hankalin kowa har aka ɗauko min ita. Ba da son ranta ta zo ba. Ta sauka a ƙofar gidanmu a unguwar Damba ta Gusau da ƙunshin kaya a ka da butarta a hannu, fuskar nan a murtuke kamar wadda aka kawo gidan yari.

Gidan namu tsohon gini ne na jan bulo. Ɗakuna a jere suke suna kallon tsakar gida, banɗaki kuma yana can wani lungu a bayansu, sai ka ratsa tsakar gidan kaf ka zagaya kafin ka kai. Ban taɓa ganin aibin wannan tsari ba sai da Inna ta zo. Ana wata ga wata: maigidan, wanda direban motar haya ne tsakanin Gusau da Tsafe, a daidai lokacin motarsa ta buga inji aka jefar da ita a gareji. Mutumin da a da sai bayan isha'i muke ganinsa, sai ga shi ya tare a rumfar tsakar gida da rediyonsa da butar shayinsa, daidai saitin ƙofar Inna.

Ban lura da wuri ba. Na dai ga kofin ruwan da nake ajiye mata da safe yadda na bar shi haka nake tarar da shi da yamma. Kunu ta daina sha, fura ta ce tana sa ta kasala. Sai da ta fara riƙe mara tana cije leɓe, zazzaɓi ya kwantar da ita, na kai ta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta yi min tatas a gaban mutane wai na bar tsohuwa da ƙishirwa. Muna dawowa na rufe ƙofa na tsare ta da tambaya.

"Mi kike so in yi?" in ji ta. "In ɗauki buta in ratsa gaban mijinki, shi san inda ni ka zuwa? Gara ƙishirwa tak kashe ni."

Na ce, "Inna, shi ma fa yana zuwa wurin nan. Ba mala'ika na aura ba."

Ta ce in rufe mata baki, marar kunya. Sannan ta faɗi abin da nake tsoro. Ta riga ta kira ɗan ƙanenta, wani magidanci mai babur da ke zuwa kasuwar Tsafe, ta ce masa da zarar ya sami hanya ya zo ya mayar da ita gida. A can, in ji ta, ko ɓarayi ba su hana ta zagayawa bayan ɗaki. Wallahi na san halin uwata, in ta ce za ta tafi, ko a ƙasa sai ta tafi. Kuma na san abin da ta baro a can.

Na sami maigidan na ce ya tashi ya koma majalisar tasha ya riƙa wuni. Ya gwada, amma ai mutum ba ya ƙaura daga gidansa, dole ya shigo cin abinci, ya shigo alwala, ya shigo kwanciya. Ita kuma ko motsin takalminsa ta ji a zaure, ta fasa fita ke nan har dare. Shi ma ɗin a takure yake. Ƙato da shi, ya koma sanɗa a gidan kansa yana gyaran murya a kowace kwana kamar mai tarin fuka.

Ina shanya a lungun baya wata rana dabarar ta faɗo min. Bangon bayan ɗakin Inna ga shi, ƙofar banɗaki ga ta, taku kaɗan ne tsakaninsu. In aka fasa ƙofa a nan, ta fita ta dawo ba wanda ya gan ta sai ƙadangaru. Na faɗa wa maigidan. Idonsa ya yi haske, ya ce ai wannan ba sai an kira kowa ba, aikin minti nawa ne.

Ni na san mijina. Mutumin kirki ne, amma tun da ya taɓa gyara famfon masallaci ruwa ya zo, ya ɗauka babu sana'ar da ta fi ƙarfinsa a duniya. Kafin in sauke tukunya ya aro guduma a maƙwabta, irin ta fasa dutse, ya zana ƙofa da gawayi a bangon, ya tofa yawu a tafi ya fara daga ƙasa. Bugu na farko gidan ya amsa. Kafin in ƙaraso da gudu ya ƙara wasu, bulo biyu sun faɗa ciki, ga wata tsaga ta miƙe daga ramin tana hawa sama har ƙarƙashin rufi. Ƙasa tana zuba daga silin a kan kwanukan Inna.

Daga ciki muka ji muryarta, da ni take magana kamar shi ba ya wurin: "Ke, ki hwaɗa ma mai gidan ga, in korata aka yi, a bari in kwashe kayana tukuna."

Na fizge gudumar na ce masa garin neman gira zai rasa mana ido. Na nuna masa sama. A kan wannan bangon ne katakon rufin ɗakunan duka ya kwanta, kuma a kusurwarsa aka zuba kankaren da tankin ruwanmu yake zaune. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya ce shi ma dama yanzu yake shirin dubawa.

Wani abokinsa na tasha ya haɗa mu da birkila daga Bungudu. Ban taɓa ganin mutum mai yabon kansa irin wannan ba. Ya iso da baƙin tabarau da hula a karkace, bai gama sallama ba ya sanar da mu cewa rabin benayen Gusau shi ya gina, sauran rabin kuma da ke tsagewa na waɗanda suka ƙi kiransa ne. Ya dubi ramin, ya dubi tsagar, ya tambayi wane jaki ne ya yi wannan. Maigidan ya ce wani yaro ne, an kore shi. Na yi sauri na shiga ɗauko wa birkila ruwa, don dariya ta kusa tona mana asiri.

Amma duk surutunsa, bai taɓa bangon ba sai da ya hau tsani ya leƙa cikin silin da tocila, ya ga abin da ke kwance a kai. Ya sa aka zubar da ruwan tankin a duro don a rage nauyi. Ya sa aka kashe wutar gidan, ya bi bangon yana neman inda waya ta bi, don akwai makunni a kusa. Sannan ya tsaya yana yi mana lacca da hannu a ƙugu. Bangon da ke ɗauke da kaya, in ji shi, ba a fara masa daga ƙasa. Sai an fara ba kayan wani wurin zama. Za a huda ramuka a sama da inda kan ƙofar zai tsaya, a zura katakai masu kauri su ratsa bangon, a tokare kowanne da gora ciki da waje. In gorar ta karɓi nauyin, sai a buɗe gurbi a zuba linta, wato gadar kankare da rodi da ke kwanciya a kan ƙofa, kuma dole ta hau bulo mai lafiya da fiye da taƙi guda a kowane gefe. Sai ta bushe ta yi ƙarfi sannan a cire bulon ƙasa.

Na ce, "Ciki da waje? Har cikin ɗakin?"

Ya ce, "Hajiya, tokara gefe ɗaya ai gurguwa ce."

Nan aka zo wurin. Na roƙi Inna ta koma ɗakina kafin a gama, ta ce ba ta kwana a shimfiɗar suruki ko da rana ne, kuma ba ta barin kayanta a hannun maza. Na ce to ta zauna a kicin, ta ce ita ba kyanwa ba ce. Ƙarshe na ɗaura igiya daga ƙusar taga zuwa ƙusar agogo, na rataya zanen gado, ta zauna a bayansa da carbinta. Kamar wannan bai isa ba, ranar aikin leburan birkila bai zo ba, wai ya tafi ɗaurin aure. Birkila ya dubi maigidan sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, cire riga."

Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. Maigidan zai ɗauko gora ɗaya daga waje, ya zo bakin ƙofar Inna, ya ajiye, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce da ni, "A gaishe da Inna." Ni in juya in ce wa zanen gado, "Yana gaisuwa." Zanen gado ya ce, "Ina amsawa." Ya shiga da gorar a duƙe, ya fito da baya, ya sa takalmi, ya koma ya ɗauko wata, a sake daga farko. A zuwa na huɗu ko na biyar birkila ya jefar da awonsa ya ce shi ya yi aiki a gidan manya da ƙanana bai taɓa ganin inda ake gai da labule ba, in haka za a yi sai azumi ya riske mu a nan. Maigidan ya rage durƙuson, amma takalmin bai fasa tuɓewa ba.

Aka shimfiɗa faffaɗan katako a ƙasa don kada gorar ta nutse a daɓe. Birkila ya huda ramukan a hankali da kurfi da 'yar ƙaramar guduma, bulo ɗaya ɗaya, ba irin dukan mahaukata na wancan yaron da aka kora ba, kamar yadda ya yi ta maimaitawa. Aka zura katako na farko, aka tokare, aka buga ƙananan itatuwa a ƙarƙashin gorar har ta ɗaure tam. Na biyun shi ne a daidai tsagar, inda bulon ya riga ya saki. Birkila ya tokare ta waje, ya zagayo ciki, sai ya ga gorar cikin ta gaza tsawo. Ya ce wa maigidan ya hau benci ya tallafe bakin katakon da hannu biyu kafin ya yanko wata.

"Kada ka saki," in ji shi. "Ko kunama ta harbe ka kada ka saki. In katakon nan ya sunkuya, bulon da ke kansa zai biyo shi, kuma ban san inda zai tsaya ba."

Ya fita. Maigidan yana tsaye a kan benci, singileti ya jiƙe, hannuwa a sama, ƙasa tana zubo masa a ido. Ni ina tsakar gida ina tace yashi. Sai na ji ya kira ni da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba. Na leƙo. Zariyar wandonsa ce ta kwance. Zaman gida da shayi ba su sa masa ƙiba ba, ramewa ya yi, wandon kuwa irin mai faɗin nan ne. Ina kallo yana sauka a hankali, ya wuce ƙugu, ya wuce gwiwa, ya taru a idon sawu. Ya rage daga shi sai wani gajeren wando na 'yan ƙwallo, kore shar, wanda na sha cewa ya jefar.

Na ruga in taimaka, kafaɗata ta ɗauki igiyar, ƙusar agogo ta fita. Zanen gado ya faɗi.

Inna tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Surukinta yana tsaye a kanta a kan benci. A karo na farko tun da aka ɗaura aurenmu suka dubi juna ido cikin ido.

Na rantse na ɗauka zai saki ya gudu, don ni kaina da ni ce da na saki. Na ga ya runtse ido, leɓensa yana motsi, ina jin innalillahi yake ja. Amma bai saki ba. Katakon yana daidai saman inda take zaune. Ya tsaya a haka, da koren wandonsa, har birkila ya shigo da gora ya kafa ta ya buga mata itace ya ce to, sauko. Inna kuwa tuni ta ja mayafi ta rufe har fuska ta juya wa duniya baya. Birkila ya dubi maigidan, ya buɗe baki, na ce masa in ya furta kalma ɗaya babu naman da zai gani a tuwonsa.

Ranar aka buɗe gurbin, aka kafa allunan katako, aka jera rodi aka zuba kankare. Da ya kama, birkila ya dawo ya cusa siminti mai tauri a ɗan ratar da ke tsakanin lintar da bulon sama, ya ɗinke tsagar. Ya ce in riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma, kuma kada wanda ya taɓa gora ko bulo sai ya dawo da kansa, ko da makonni ne.

Waɗannan makonnin su ne mafi tsawo a wurina. Maigidan ya daina shigowa sai ya tabbatar ta yi barci, abincinsa ma a zaure yake ci. Inna ta daina ambatonsa ko da "mai gidan ga". Ta ƙara ɗaure ƙunshinta ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce yanzu kam zama ya ƙare, wadda ta ga abin da ta gani ba ta da idon zama a gidan nan. Ruwa sai na tsaya a kanta da faɗa take kurɓa. Maigidan ya same ni a zaure ya ce ko ya ɗan cire bulon da kansa, ai lintar ta yi fari, kada ɗan ƙanen nata ya riga mu. Na ce ya kuskura ya taɓa, ni da shi ne. Amma a raina ni ma abin da nake so ke nan. Kullum in na yayyafa ruwan sai in danna kankaren da farce, ina jin haushinsa kamar da gangan yake yi.

Birkila ya dawo da injin yankan bulo da janareto. Ya ƙwanƙwasa lintar, ya yabi kansa, ya yanka gefe da gefe a miƙe don kada girgiza ta taɓa sauran bangon. Sannan ya fara cire bulon daga sama yana sauka, layi bayan layi, har haske ya faɗo cikin ɗakin. Bai sassauta gorar ba sai da ya gama, ita ma ɗaya bayan ɗaya yana kallon sama. Ko ƙwayar ƙasa ba ta zubo ba. Kafinta ya kafa ƙyaure. Inna ta zo ta tsaya a bakin, ta leƙa lungun dama da hagu, ta ce ƙofar ta yi ƙunci, ko akuya mai ciki ba ta wucewa. Ta ɗauki butarta ta wuce.

Bayan kwana biyu ɗan ƙanen nata ya iso da hantsi, babur ɗinsa duk laka, ya ce hanya ta ɗan lafa, in za a tafi a tafi yanzu kafin la'asar. Na kai masa ruwa ɗakinta na tsaya a bakin ƙofa. Na gama shirya roƙon da zan yi da kukan da zan yi, har da barazanar kwanciya a gaban babur.

Ta tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, wa ya dawo, wa bai dawo ba. Ta tambayi ko an yi shuka a gonar bayan rafi, ya ce ba mai iya zuwa can bana. Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Mutumin da yar riƙe min ɗaki bisa kai, ya bar mutuncinai ƙasa, ba a saka mishi da tahiya."

Ɗan ƙanen bai gane ba, ya dube ni. Ni kuwa daɗi ya kama ni har na kusa yin guɗa. Sai ta sa hannu a lalitarta ta ciro ɗan makulli ta miƙa masa.

"In ka koma ka buɗe rumbuna. Geron da dawar a raba ma masu ƙananan ɗiya. Wanda nib bari na iri, shi ma a ci."

Ya ce, "Inna, har irin? To baɗi fa?"

Ta ce, "A ci."

Tun ina yarinya, ko a shekarar da muka ci tafasa da dusa, ban taɓa ganin ta bari an taɓa irin shuka ba. Na samu abin da na yi ta haƙilo a kai, uwata za ta zauna. Na raka shi zaure ya tada babur, na dawo na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka har tuwon rana ya kama.